Ƙudajen danshi a tukunyar shukar cikin ɗaki: wace hanya za ka bi ka rabu da su?

Duk mai renon shuka a cikin ɗaki, ko na'ana'a ce a bakin taga, ko barkono da tumatir a roba, ko furen ado a falo, wata rana zai haɗu da su. Kana zuba ruwa sai ka ga wasu mitsi-mitsin baƙaƙen ƙudaje sun tashi daga bakin tukunya, sirara masu dogayen ƙafafu kamar jariran sauro. Ba sa cizo, ba su ma iya tashi sosai ba, sun fi son gudu a kan ƙasa. Amma sai su faɗa maka a kofin shayi, da dare kuma su dame ka a fuskar waya. Zan kira su ƙudajen danshi, domin danshi ne ke kawo su, shi ne kuma ke riƙe su. Masana na sanya su a dangin Sciaridae.

Shawarwari a kansu sun yi yawa har sun zama abin ruɗani. Wannan ya ce yashi, wancan ya ce darbejiya, wani ya ce a yo odar magani daga waje. Kafin a auna su, sai an san abin da ake yaƙa, don nan ne mafi yawan mutane ke ɓarnatar da kuɗi.

Abokin gabar yana cikin ƙasa

Ƙudan da kake gani yana yawo kwanansa bai wuce bakwai zuwa goma ba, kuma ba ya cin shuka. Aikinsa ƙwai. Mace ɗaya kan zuba ƙwai 100 zuwa 200 a saman ƙasa mai laima. A ɗaki mai ɗumin digiri 24, ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana uku, tsutsar ta yi kamar kwana goma tana ci, sannan ta naɗe ta kwanta kwana huɗu ba ci ba sha, sai sabon ƙuda ya fito. Zagaye ɗaya ke nan cikin kwana 17, in da sanyi ya kai mako huɗu. A tukunya ɗaya kuma za ka tarar da ƙwai da tsutsa da mai kwance da mai tashi duk lokaci guda.

Tsutsar fara ce garai-garai mai baƙin kai mai sheƙi, tsawonta bai fi milimita 6 ba, tana zaune a santimita 5 zuwa 8 na saman ƙasa. Abincinta fumfuna da ruɓaɓɓen taki, amma in ta yi yawa sai ta koma kan ƙananan saiwoyi. Babbar shuka takan jure. Irin da ake reno da reshen da aka dasa don ya yi saiwa su ne ke shan wahala: su yi rawaya, su tsaya cak, wani lokaci su kife daga gindi, saboda raunin da tsutsar ta yi ya buɗe ƙofa ga cututtukan ruɓar saiwa irin su Pythium da Fusarium.

Hanya mai sauƙi ta tabbatarwa: yanka ɗanyen dankalin turawa, ka kifa yankan a kan ƙasar, ka ɗaga bayan kwana biyu ko uku. In akwai tsutsa za ka same ta manne a ƙasansa. Kada kuma a haɗa su da ƙudajen da ke bin ayaba da mangwaro a kicin, masu jajayen idanu da kumburarren jiki. Waɗancan ne tarkon ruwan tsami ke kamawa. Na tukunya ba su cika kula shi ba.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Tambaya ta farko ga kowace hanya: wa take kashewa, tsutsa ko ƙuda? Wadda ta tsaya kan ƙuda kaɗai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Sai kuɗi, da ko ana samun abin a inda kake. Sai daɗewar aikinsa, domin abin da ya ƙare cikin kwana biyu dole a maimaita shi har a cinye zagayen nan na mako uku zuwa huɗu. Sai wahalar yi. Na ƙarshe haɗari: ga shukar, ga yara da dabbobin gida, da ga wanda zai ci ganyen.

Rage ban ruwa

Wannan ba ya cin ko sisi, kuma shi ne ginshiƙin duk sauran. Ƙwai da ƙananan tsutsotsi ba sa jure bushewa. Ka bar saman ƙasa, kamar gaɓa biyu na yatsa, ya bushe ƙayau kafin ka sake ba da ruwa. Mafi kyau ma ka riƙa ba da ruwan ta ƙasa: ka ajiye tukunyar cikin faranti mai ruwa na minti 20 zuwa 30, ta zuƙa ta hujin gindi, ka zubar da ragowar. Saiwa ta sha, sama ya zauna a bushe.

Wahalarsa tana wurin mai shukar. Yawancinmu ƙauna ce ke sa mu cika ruwa. Ni ma na daɗe ina ba na'ana'a ruwa safe da yamma kamar mai shayar da doki, ina mamakin inda ƙudaje ke fitowa. Shukar cikin ɗaki ba ta samun rana da iskar da ta tsakar gida ke samu, don haka ƙasarta kan yi kwanaki ba ta bushe ba, musamman da damina, ko lokacin hunturun Turai da Kanada da haske ke ƙaranci. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba saurin shan iska. Roba marar huji a gindi kuwa gidan haya ce ka gina musu.

Iyakarsa biyu. Ba ya gamawa da wuri in ƙudajen sun riga sun yi yawa. Kuma irin da bai daɗe da tsirowa ba ba zai jure a bar shi ya bushe haka ba.

Tarkon rawaya mai danƙo

Launin rawaya na jan su, danƙo ya riƙe su. Ana sayar da shi a shagunan kayan noma da intanet, ba tsada, kuma kati ɗaya kan yi makonni sai in ya cika ko ƙura ta rufe shi. Kana iya yin naka: yanki daga rawayar jarka, ka shafe shi da basilin. A kafa shi dab da ƙasa, ko ma a kwantar da shi a bakin tukunya, tunda ba sa tashi sama.

Kowace mace da ta maƙale an rage ƙwai ɗari ko fiye, amma tarko bai san da zaman tsutsa ba. Babban amfaninsa a wurina shi ne ƙidaya. Ka sa sabon kati kowane mako, ka ga ko adadin na raguwa. Da haka za ka san ko maganin da kake zubawa yana aiki ko asarar kuɗi kake yi.

Bti

A nan zan ɗan daɗe, don a ganina ita ce ta fi kowace cika ma'auni. Bti taƙaitaccen sunan wata ƙwayar bakteriya ce ta cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis israelensis, wadda aka gano a 1976 a wani kududdufi a hamadar Negev. Tana yin wani sinadari da ba ya aiki sai tsutsa ta haɗiye shi. A cikin hanjinta yake narkewa ya huda shi, ta daina ci ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin sha'awa shi ne zaɓen da take yi: tsutsar sauro, ta baƙin ƙudan bakin kogi, da ta waɗannan ƙudajen. Mutum da kyanwa da kaji da ƙudan zuma ba ruwanta da su.

Ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Shirin yaƙi da makantar bakin kogi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta daga 1974 zuwa 2002, wanda Nijar da Ghana suna cikin ƙasashen da aka fara da su, ya zuba ta a koguna bayan baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar ya fara jure maganin da ake fesawa da farko. A Janairun 2025 aka tabbatar Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da cutar. Abin da aka zuba a kogunan da jama'a ke ɗiban ruwa, ba zai tayar da hankali a tukunyar barkono ba.

A kasuwannin Amurka ana samunta da sunaye irin su Mosquito Bits da Mosquito Dunks da Gnatrol. Ta farkon ƙwayoyi ce na totuwar masara da aka shafe da maganin: ana jiƙa cokali huɗu na cin abinci a ruwa kusan lita huɗu na minti 30, a tace, a ba shuka ruwan. A tace ɗin nan da muhimmanci, don in aka bar totuwar a kan ƙasa sai ta yi fumfuna, ka ga an kai wa tsutsa tuwo har gida.

Rauninta: ba ta taɓa ƙwai, ko mai kwance, ko mai tashi, ta fi kama ƙananan tsutsotsi, kuma ƙarfinta a ƙasa kwanaki kaɗan ne. Dole a maimaita kowane mako, sau uku a jere aƙalla. Wanda ya zuba sau ɗaya ya ga ƙudaje washegari ya ce ba ta aiki, bai yi mata adalci ba. Waɗanda suka riga suka naɗe ne ke fitowa. Sai kuma samunta. A Amurka ko Kanada abu ne mai sauƙi, a Kano ko Maraɗi sai an yi oda ko an yi saƙo, kuma canjin kuɗi ya sa ta yi tsada, ko da yake leda ɗaya kan daɗe in an ajiye ta a bushe a inuwa. A duba takarda da kyau: akwai 'yar'uwarta, kurstaki, ta tsutsar da ke cin ganye ce, ba ta yi wa waɗannan komai.

Halittun da ke farautarsu

Akwai guda biyu da masu gidajen renon shuka na Turai ke dogara da su. Ta farko tsutsar nematod ce mai suna Steinernema feltiae, ido ba ya ganinta. Ana kaɗa ta a ruwa a zuba, ta bi tsutsar ƙudan ta shige jikinta, ta saki bakteriyar da ke kashe ta cikin kwana biyu. Ta fi Bti a wuri ɗaya: ita nema take yi, ba jira ba, kuma tana kama manyan tsutsotsi. Na biyu ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai ƙafa takwas dangin kaska, Stratiolaelaps scimitus, da ake barbaɗawa a saman ƙasa. Yana da jinkirin aiki, amma yakan zauna ya hayayyafa ya yi watanni yana gadi, shi ya sa ya fi dacewa da rigakafi.

Matsalar ita ce rayayyu ne. Nematod sai an ajiye ta a firji, tana da ranar lalacewa, hasken rana na kashe ta, tana son ƙasa mai laima, kuma zafin ƙasa in ya haura digiri 30 sai ta raunana. Ga mazaunin Manchester ko Toronto zaɓi ne mai kyau. Ga wanda ke Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya wuce 40 ga wuta tana wasan ɓuya, kafin kunshin ya iso ma gawa za a kawo masa.

Haidirojin feroksaid

Ruwan wanke ciwon nan da ake samu a kowane kemis. Ana haɗa kashi ɗaya na mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari da ruwa kashi huɗu, a zuba har ya fito ta gindi. In kwalbarka mai kashi 6 ce, kamar yadda ake yawan samu, ruwan ya zama kashi tara. Ƙasar za ta yi kumfa, tsutsar da ya taɓa ta mutu, shi kuma ya rikiɗe ya koma ruwa da iskar oksijin, ba ya barin komai.

Rashin barin komai ɗin shi ne alherinsa, shi ne kuma aibinsa: bayan ɗan lokaci kaɗan ya gama aiki, ƙwan da ya tsira zai ƙyanƙyashe lafiya lau. Ba ya kuma bambance mugu da nagari cikin ƙananan halittun ƙasa, in an tsananta haɗin yana ƙona saiwa. Na ɗauke shi a matsayin bugun farko ranar da abin ya yi ƙamari, ba abin yi kowane mako ba.

Darbejiya

Ga wanda ke ƙasar Hausa, wannan a ƙofar gida take. Sinadarin da ke cikin ƙwallonta, azadiraktin, ba ya kashewa nan take. Hana tsutsa ci da saɓa yake yi, ta kasa girma. Ƙwallon ya fi ganye ƙarfi nesa ba kusa ba. Ana ɓare busassun 'ya'ya, a daka giram 50 na ƙwayar, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a yi amfani da shi a ranar. Kowane mako a sake sabo, don haske da zafi na karya shi. A fara gwadawa a tukunya ɗaya, ga ƙananan tsiro kuma a ƙara ruwa.

Ƙarfinsa ba ya zama ɗaya, ya danganta da 'ya'yan da yadda aka adana su, don haka sakamakonsa bai kai na Bti tabbas ba. Ga wari a cikin ɗaki. Tunkuzarta kuma in za a sa, a cakuɗa ta cikin ƙasa, kada a tara ta a sama inda za ta jiƙe ta yi fumfuna.

Rufe saman ƙasa, ko canza ta gaba ɗaya

Yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kaurin santimita ɗaya zuwa biyu, yana bushewa da wuri ya hana mace samun wurin ƙwai. Kyauta ne kuma yana daɗewa. Sai dai yana ɓoye maka danshin da ke ƙasa har ka kasa gane lokacin ban ruwa, kuma ƙudajen kan zagaya ta hujin gindi. Farin garin dayatom da ake sayarwa, wato garin ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ke kashe ƙwari, yana aiki ne kawai in yana bushe, da ya jiƙe shi ke nan, ƙurarsa kuma ba ta da kyau ga huhu.

In tukunya ɗaya ce ko biyu suka lalace, wani lokaci gara a zubar da ƙasar, a wanke saiwa da tukunya, a sa sabuwa. Amma sabuwar ma a yi hattara da ita, don ta nan suka fi shigowa: takin da bai gama ruɓewa ba, ko ƙasar leda ta kanti da ta daɗe a jiƙe. Zafin digiri 82 na minti 30 a tanda yana gamawa da su. Mu da Allah ya hore wa rana, a ɗaure ƙasa mai ɗan danshi a leda, a baje ta ba kauri a kan siminti ko rufin kwano da bazara, mako ɗaya ko biyu.

Maganin feshi

Na sauro yana kashe masu tashi, gobe wasu su fito. Fiya-fiya da sauran masu sinadarin dikilorbos kuwa kada ma a kawo su kusa: guba ce mai ƙarfi, a rufaffen ɗaki da yara, a kan ganyen da za a sa a shayi. Garin neman gira ne a rasa ido. Akwai masu shiga jikin shuka irin imidakulofirid, suna aiki kuma suna daɗewa, amma daɗewar tasu a cikin ganye ne, don haka furen ado kaɗai, ban da abin ci.

| Hanya | Wa take kashewa | Kuɗi | Daɗewa | Wahala | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Rage ruwa | ƙwai, ƙananan tsutsa | babu | muddin an ɗore | sai haƙuri | ƙaramin tsiro na iya bushewa |
| Tarkon rawaya | ƙuda | araha | makonni | babu | babu |
| Bti | tsutsa | matsakaici, da tsada in an yi oda | kwanaki | maimaici kowane mako | kaɗan ƙwarai |
| Nematod | tsutsa | tsada | makonni | firji, laima, sanyi | babu, sai asarar kuɗi in ta mutu |
| Ƙwaro mai farauta | tsutsa | tsada | watanni | sauƙi in ya iso da rai | babu |
| Feroksaid | tsutsar da ya taɓa | araha | sa'o'i | sauƙi | ƙona saiwa |
| Darbejiya | tsutsa, a hankali | kusan kyauta | kwanaki | daka da tacewa | wari, ƙarfi ba tabbas |
| Yashi | hana ƙwai | babu | watanni | sauƙi | ɓoye danshi |
| Canza ƙasa | duka na ƙasa | araha | har sai sun dawo | aiki ne | girgiza shuka |
| Feshin guba | ƙuda | araha | kaɗan | sauƙi | babba |

Wasu ba sa zama inuwa ɗaya. Wanda ya zuba nematod ba zai busar da ƙasa ba, ba kuma zai bi ta da feroksaid ba, kuɗinsa zai kashe. In za a haɗa feroksaid da Bti, feroksaid ne farko, Bti a ban ruwa na gaba. Garin dayatom kuma yana cutar da ƙwaron nan mai farauta kamar yadda yake cutar da ƙudan.

Wa ya dace da wacce

Mai tukwane biyu-uku na furen ado da 'yan ƙudaje kaɗan, ba ya bukatar sayen komai sai tarko. Ya rage ruwa, ya koma ba da shi ta ƙasa, ya ba abin wata guda.

Mai shuka abin ci a ɗaki, na'ana'a ko ɗoɗɗoya ko barkono, kuma ƙudajen sun yi yawa: Bti kowane mako sau uku ko huɗu, da tarko, da bushewar sama. In ba ta samuwa, darbejiya ta maye gurbinta, a ƙara mata mako ɗaya ko biyu.

Mai renon iri, wanda ba zai iya barin ƙasa ta bushe ba, aikinsa kafin shuka ne: ya gasa ƙasar a rana ko a tanda, ya kafa tarko tun ranar farko, ya riƙa sa Bti a ruwan da zarar ƙuda na farko ya maƙale.

Mai tukwane da yawa a ƙasar sanyi, inda ake kawo kaya cikin kwana ɗaya ko biyu, nematod ta share masa fage, ƙwaro mai farauta ya tsaya gadi.

Wanda kuma tukunya ɗaya ce ta zame masa masifa, ƙasarta ta yi tsami tana wari, ya fitar da ita waje yau, ya canza ƙasa, ya ware ta daga sauran na mako uku da katin rawaya a bakinta. Haka ma za a yi wa duk sabuwar shukar da aka sayo ko aka ba ka kyauta kafin ta shiga cikin 'yan'uwanta.